Gadar ƙafa ta ƙarfe tana rawa idan ana tafiya a kai: a ƙara mata ƙarfe ne ko a rataya mata damfa?

Ɗalibin Gini

Assalamu alaikum, malamai da injiniyoyin wannan zaure.

Ga wata matsala a kan gadar ƙafa, irin wadda ake tsallaka babban titi da ita. Bim biyu ne na ƙarfe, mita 30 daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, babu ginshiƙi a tsakiya, faɗin daɓen mita 2. Nauyinta da daɓe da makarin gefe wajen kilo 600 ne a kowace mita, wato tan 18 gaba ɗaya. Lissafin ɗaukar kaya ya fita lafiya lau. Amma ko mutum ɗaya ne ya iso tsakiya da ɗan sauri, sai a ji tana sama tana ƙasa, har wasu su gwammace su ratsa titin ta cikin motoci. An ɗora waya a tsakiyarta an auna, tana kaɗawa sau 2.1 a sakan.

Shawara ta rabu uku. Wasu sun ce a yi wa bim ɗin waldar ƙarin faranti. Wasu sun ce a saka damfa, wato na'urar shanye girgiza, mai aiki da mai irin ta manyan gine-gine. Wasu kuma sun ce a rataya mata nauyi a kan sifirin, wanda takardun injiniyoyi ke kira TMD. Wanne ne ya dace da wannan gada? Idan na ukun ne, kilo nawa, wane irin sifirin, kuma a ina ake kafa shi? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Gadoji

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Kafin maganar damfa, a fara tabbatar da cewa gadar lafiyarta ƙalau. Kowane gini yana da karinsa, wato yawan kaɗawar da yake yi a sakan idan aka taɓa shi aka sake. Ka lissafa karin da ya kamata wannan gada ta yi daga zanenta, ka kwatanta da 2.1 Hz ɗin da aka auna (Hz shi ne yawan kaɗawa a sakan). Hanya mai sauƙi: ka raba lamba 18 (ta ƙa'ida ce, ba tan 18 na gadar ba) da tushen lanƙwasar da nauyin kanta ke sa ta yi a tsakiya, a milimita; tushe shi ne lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da lanƙwasar. Kari 2.1 yana nufin lanƙwasa wajen milimita 73. Idan zane ya ce 2.5 amma awo ya ce 2.1, to kusan kashi 30 cikin 100 na taurin gadar ya ɓace a wani wuri: notin mahaɗa ya kwance, walda ta tsage, ko tsatsa ta cinye ƙasan bim. Damfa ba ta maganin wannan. Za ta ɓoye alamar ne kawai ciwon yana nan. Wannan dubawar aikin injiniya ne mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, shi zai sa hannu.

Idan lissafi da awo sun yi daidai, to matsalarka ita ce takun ɗan Adam ya hau karin gadar. Mutane suna taku tsakanin sau 1.6 da 2.4 a sakan, akasari kusa da 2. Mai kilo 70 yana da nauyin wajen 700 N (N shi ne niyuton, ma'aunin ƙarfi), kuma abin da ke hawa yana sauka a cikin takunsa wajen 280 N ne. Ba wani abu ba ne a gaban tan 18. Amma kamar lilo ne: ƙaramin yaro yana iya kai babba sama muddin yana turawa daidai lokacin da lilon ya juya. Gadar ƙarfe mai walda ba ta shanye girgiza sosai, abin da take kashewa da kanta wajen rabin kashi 1 ne cikin 100, wato 0.005. Kowane taku yana tarar da ragowar na baya bai mutu ba, sai ya ɗora a kai.

Ga lissafinsa. A gadar da ke zaune a kan ginshiƙai biyu, rabin nauyinta ne ke shiga rawar, domin tsakiya ce ke motsi sosai, bakin biyu kuwa ba sa motsi. Wato kilo 9,000. Fizgar da daɓe zai kai, wato saurin da gudunsa ke canzawa, ita ce 280 a raba da 2 × 0.005 × 9,000, wato 3.1 m/s² idan mutum ya tsaya yana taku a tsakiya. Mai wucewa ba zai kai nan ba, amma zai kai wajen 2. Ƙa'idar Turai ta EN 1990 ta ba da 0.7 m/s² a matsayin iyakar da mutum zai ji daɗin tafiya idan motsin na sama da ƙasa ne, 0.2 idan na gefe ne. Ka ga mutanen da ke tsoro suna da gaskiya.

Maganar ƙarin faranti kuwa, ba na goyon bayanta. Kari yana tafiya ne da tushen tauri, ba da taurin kai tsaye ba. Ana son gada ta wuce 5 Hz kafin a daina damuwa da taku. Daga 2.1 zuwa 5 sai an ninka tauri kusan sau shida, ba tare da an ƙara nauyi ba, kuma kowane farantin da aka liƙa nauyi ne. Abin da ke faruwa shi ne a kashe kuɗi a kai ta 2.4, inda masu sauri da masu sassarfa suke. Ko an yi ƙoƙari an kai ta 4, a can ma taku yana da bugu na biyu, ninki biyu na karin takun. Ginshiƙi a tsakiya shi kaɗai ne ke ninka kari sau huɗu a tashi ɗaya, idan titin yana da tsibiri a tsakiya da zai karɓi harsashi.

Damfa mai mai, fistin ne a cikin silinda. Tana aiki ne kawai idan kanta biyu suna matsowa suna nesanta da juna. A tsakiyar gadarka babu abin da za a ɗaure ɗaya kan, ƙasa motoci ne. A kusa da ginshiƙi akwai wurin ɗaurewa amma babu motsi. Irin masu gogayya da masu lanƙwasar ƙarfe kuma don girgizar ƙasa aka yi su, ba sa farkawa sai ƙarfi ya kai tan-tan, takun mutum ba zai motsa su ba. Saura TMD, domin shi ba ya neman ƙasa, da nauyin kansa yake dogara.

Uwar Lissafi

Malam ya share hanya, bari in ɗora lambobin.

Kayan TMD uku ne: nauyi, sifirin, da ƙaramar damfa a tsakanin nauyin da gadar. Dabarar tsohuwa ce, Hermann Frahm ya nemi rajistar irinta tun 1909, amma tasa ba ta da damfa. Lissafin saitin da ake amfani da shi yau na Den Hartog ne.

Da farko a zaɓi rabon nauyi, tsakanin kashi 1 da 5 cikin 100 na nauyin da ke rawa. Mu ɗauki kashi 3. Kashi 3 na 9,000 kilo 270 ke nan. A kula, na 9,000 ne ba na 18,000 ba, a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Karin TMD ba daidai yake da na gada ba, ana sauke shi kaɗan: 2.1 a raba da 1.03, ya ba da 2.04 Hz. A ninka da 6.283, a samu 12.8. Taurin sifirin shi ne 270 × 12.8 × 12.8, wajen 44,200 N a mita. Sifirin huɗu, kowanne 11 N a milimita. Kowanne zai ɗauki wajen 660 N, ya zauna da milimita 60 tun kafin rawa ta fara. Wannan 60 ɗin ma'auni ne mai amfani a wurin aiki: duk TMD mai kari 2.04, komai nauyinsa, milimita 60 zai zauna. Idan an ɗora nauyi aka ga 45 ko 80, sifirin ɗin ba su ne ba, ba sai an ɗauko na'ura ba.

Damfar ciki ana son ta kashe wajen kashi 10 cikin 100, wato wajen 700 N a gudun mita ɗaya a sakan. Da wannan saiti, gadar da ke ninka ƙarfin taku sau 100 za ta koma sau 8.2. Fizga ta sauko daga 3.1 zuwa wajen 0.26 m/s². Kamar an ɗaga abin da gadar ke shanyewa ne daga 0.5 zuwa kashi 6 cikin 100, da ƙarfen da bai kai buhun siminti shida ba.

Wani abu da ake yawan faɗa ba daidai ba: wai nauyin yana sauka idan gada ta hau, yana hawa idan ta sauka. A daidai kari, nauyin yana bin bayan gadar ne da rubu'in zagaye. Shi ya sa jansa ke faɗawa a kan gudun gadar, ba a kan matsayinta ba, kuma ta haka ƙarfin ke barin gadar ya koma cikin nauyin, damfa ta mai da shi zafi. Idan aka cire damfar, kari ɗaya zai rabu biyu, ɗaya a ƙasa da 2.1 ɗaya a sama, kuma duka biyun suna cikin zangon takun mutane. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wurin kafawa tsakiyar gada, a tsakanin bim biyu, a ƙarƙashin daɓe. Ya fi kyau a raba shi biyu, kilo 135 kusa da kowane bim, don kada gadar ta murɗa, kuma ɗagawa ta yi sauƙi. Rawa ta biyu ta irin wannan gada tana wajen 8.4 Hz, ba ta shafe mu ba.

Sai maganar filin motsi. Mutum ɗaya zai motsa daɓe wajen milimita 1.5, nauyin kuma ya yi sau huɗu zuwa biyar na haka, wajen milimita 7. Amma samari biyar masu tsalle tare da gangan suna iya ninka wannan sau ashirin. A bar masa milimita 40 zuwa 50 sama da ƙasa, a sa roba mai kauri a ƙarshen kowane ɓangare. Kada filin sama ya kai 60, domin a nan nauyin zai rabu da sifirin ya dawo ya doke su.

Ɗalibin Gini

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Yaya. Ya fito fili. Tambaya biyu suka rage. Tunda 700 N ɗin ba shi da yawa, ba za a iya amfani da shok-absoba na ƙaramar mota ba? Ga shi a kasuwa, ga araha. Sannan awon waya ya isa a yanka ƙarfe a kansa?

Sarkin Maƙera

A'a, ƙanena, na mota ba zai yi ba, kuma dalilin ya shafi ƙirar gaba ɗaya.

Babban maƙiyin TMD gogayya ce. Duba: lokacin da gada ta fara motsi da fizgar 0.05 m/s², ƙarfin da ke ƙoƙarin motsa kilo 270 shi ne 270 × 0.05, wato 13.5 N. Bai kai nauyin kilo ɗaya da rabi ba. Idan akwai wani abu a jikin na'urar da ke riƙewa fiye da haka, nauyin ba zai motsa ba, zai bi gadar sama da ƙasa kamar kayan da aka ɗaure mata. Shok-absoba na mota yana da robar da ta shaƙe sandar don kada mai ya fita, kuma riƙonta kaɗai ya wuce wannan. Ga shi an yi shi ya fi ƙarfi wajen miƙewa fiye da wajen matsewa, mu kuwa muna son daidai ta kowane ɓangare. Mai gas ɗin kuma yana turawa kamar sifirin, sai ya ɓata saitin da Uwar Lissafi ta lissafa.

Abin da ke aiki iri biyu ne. Na farko tukunya buɗaɗɗiya da man silikon, da sanda mai faifai a baki da ke nutso a ciki ba ta taɓa gefe, a rufe saman da rigar roba mai naɗewa saboda ƙura. Kada a zuba baƙin mai na inji. Akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gada a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, da sanyin asubar hunturu, tazararsu ta wuce digiri 30, kuma man inji yana tsinkewa ya koma kamar ruwa a zafi, ya yi kauri a sanyi. Silikon ma yana canzawa amma kaɗan. Na biyu farantin tagulla ko alminiyam da ke wucewa a tsakanin maganaɗisu ba tare da taɓawa ba. Babu mai, babu yoyo, kuma ana saita shi da matso da maganaɗisun ko nesanta su. Ƙarfinsa yana raguwa wajen kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri na zafi, maganaɗisun niyodimiyam na gama-gari kuma ba ya son wuce digiri 80. Yana kama garin ƙarfe, saboda haka a rufe shi.

Haka sandunan da ke riƙe nauyin kada ya karkace. Bushin da giris suna yi a watan farko. Ƙurar hunturu ta shiga giris ta zama kwaɓi, shi ke nan ya cije. Ko a sa boris a rufaffen gida, ko a riƙe nauyin da siraran faranti masu lanƙwasa da ba sa gogar komai, amma a tuna suna ƙara tauri, sai a rage na sifirin.

Nauyin kada a zuba shi dunƙule ɗaya. A yi wajen kilo 230 tsayayye, sauran faranti na kilo 10 da na kilo 5 a kan dogon bol. Farantin kilo 10 yana motsa kari da wajen 0.04 Hz. Da shi ake saiti a kan gada, domin sifirin da aka yi oda yakan kauce wa lambarsa da kashi kaɗan.

Gwaji a shago kafin a kai: ba tare da mai ba, a danna nauyin a sake, a ƙirga zagaye 50 da agogo, ya kamata ya ci sakan 24.5. Sannan a zuba mai a sake dannawa. Idan damfa tana kashi 10, motsin zai ragu da rabi a zagaye ɗaya da ɗan kai. Idan ya zauna bai ko waiwayo ba, man ya yi kauri, kuma wannan ma kamar an ɗaure shi ne.

Sifirin ya zama na aiki mai maimaituwa. Awa ɗaya ta rawa a rana zagaye wajen 7,500 ne, a shekara sun haura miliyan biyu da rabi. Tsawonsa kada ya wuce faɗinsa sau huɗu, in ba haka ba zai kwanta gefe. Noti biyu-biyu a kowane bol, da keji da sarƙar tsaro, tunda ƙasa titi ne. Ƙofar dubawa ta zama mai kulle, domin faranti masu kwancewa ba sa kwana idan masu kwasar ƙarafa suka gano su, kuma faranti uku kawai aka cire saiti ya tashi sama da kashi 5 cikin 100.

Uwar Lissafi

A kan awon waya: ya isa a san inda aka dosa, idan an yi shi da kyau. A liƙe wayar da daɓe da salatif, kada a ajiye ta kawai. A ɗauki aƙalla sakan 60, domin awon sakan 10 ba ya bambance 2.1 da 2.2. Mutum ɗaya ya ɗaga dugadugansa ya sake su a tsakiya, ya tsaya cik, a bar rawar ta mutu da kanta. A ƙirga zagaye nawa ta yi kafin ta ragu da rabi, a raba 0.11 da wannan adadi. Zagaye 22 yana nufin 0.005. A maimaita a bakin hagu da na dama: idan ɗaya na hawa ɗaya na sauka, murɗawa ce, kuma wurin kafa nauyin zai canza. Saitin ƙarshe dai a yi shi da na'urar awo ta gaske, sau biyu, nauyin a ɗaure sannan a sake.

Kuma kari ba ya zama wuri ɗaya. Mutum 30 a kan gadar kilo 2,100 ne, rabinsu ya shiga rawa, kari ya sauko zuwa wajen 1.99. Allon talla da aka rataya daga baya, ko sabon daɓe, haka suke yi, kuma su ba sa sauka. Shi ya sa ban ce kashi 1 ba duk da ya fi araha: ƙaramin nauyi zangonsa siriri ne, kaucewar kashi 5 tana cinye mafi yawan amfaninsa. Kuskuren kwata a damfa ba ya yin ɓarnar da kuskuren kashi 5 a kari ke yi.

Malam Mai Gadoji

Abu ɗaya ya rage da ba a taɓo ba: a juya wayar a auna motsin gefe. Ƙafar dama da ta hagu suna tura daɓe gefe da gefe sau ɗaya a kowane taku biyu, wato wajen 1 Hz.

Wannan ne ya kama gadar Millennium da ke kan kogin Tems a Landan. An buɗe ta ranar 10 ga Yunin 2000, aka rufe bayan kwana biyu, domin tana lilo gefe har wajen milimita 70. Da daɓe ya fara motsi, mutane suka riƙa buɗe ƙafa suna daidaita takunsu da shi don kada su faɗi, wannan kuma ya ƙara masa ƙarfi. Gwajin da kamfanin Arup ya yi ya nuna abin ba a hankali yake zuwa ba: a ɓangaren gadar na arewa mutum 156 sun yi tafiya lafiya, da aka ƙara goma sai lilon ya tashi. Maganin da aka yi shi ne damfa mai mai guda 37, akasari saboda motsin gefe, da TMD 52 saboda na sama da ƙasa, aka sake buɗewa a Fabrairun 2002. A can damfa mai mai ta samu wurin zama ne domin an yi mata ƙarafa masu siffar V a ƙarƙashin daɓe, masu tattaro motsin mita da yawa su kawo shi kanta biyu, wasu kuma aka ɗaure su da ginshiƙai da ƙasa. An yi su da rufin ƙarfe mai naɗewa maimakon robar da ke shaƙe sanda, saboda gogayyar nan da Sarkin Maƙera ya bayyana.

Gada mai mita 30 da faɗin mita 2, idan tana da ƙarafan giciye a tsakanin bim ɗinta, karinta na gefe yakan wuce wannan zango. Idan babu su, ko awo ya nuna ƙasa da 1.3 Hz, to a gefe kam ƙarin ƙarfe yana biya, domin giciyen ba shi da nauyi kuma yana ɗaga tauri sosai. Idan har sai an sa nauyi, TMD ɗin sama da ƙasa ba zai taɓuka komai a gefe ba, nasa daban ne. Mafi sauƙi a rataya shi kamar lilo: tsawon santimita 25 yana ba da 1 Hz. Ko tankin ruwa mai tsawon rabin mita da zurfin santimita 12, wanda tambal-tambal ɗinsa ke kusa da 1 Hz, a sa raga a ciki ta karya ruwan, kamar ganyen da mai ɗebo ruwa ke ɗorawa a bakin bokiti. Tankin a rufe shi ruf, a yi masa alamar zurfi a jiki, domin ruwan ya ragu zuwa santimita 9 kari ya sauko zuwa wajen 0.9.